CUTAR FAIFAN AJIYA: GARIN NEMAN GIRA KADA A RASA IDO

A cikin watan Satumba na shekarar 2023, wani kamfanin tsaron kwamfuta na ƙasar Faransa mai suna Sekoia ya biya Dala 7 kacal ya sayi wani adireshin intanet wanda masu shi suka yi watsi da shi. Adireshin nan kuwa shi ne inda wata muguwar cutar kwamfuta mai suna PlugX take aika saƙo daga duk na'urar da ta kama, domin ta karɓi umurni daga iyayen gidanta. Da ma'aikatan kamfanin suka zauna suka kasa kunne, sai suka tarar kowace rana adireshi 90,000 zuwa 100,000 ne suke ƙwanƙwasa ƙofa. Cikin wata shida an ƙirga adireshi miliyan 2.5 daga ƙasashe fiye da 170. Sa'ad da rahoton ya fito cikin watan Afrilu na 2024, sai ga sunan Nijeriya a sahun gaba cikin ƙasashe 15 waɗanda suka kwashe fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan annoba.

Ko da yake adireshi ɗaya yakan tara kwamfutoci da yawa, kuma kwamfuta ɗaya takan sauya adireshi, lissafin ya isa ya nuna girman abin. Tun cikin watan Maris na 2023 ma kamfanin Sophos na Ingila ya ba da labarin ɓullar irin wannan cuta a Nijeriya da Ghana da Zimbabuwe da Mongoliya. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne hanyar da take bi. Cutar tana tafiya ne a aljihun mutane da jakunkunansu, cikin filash da manyan faifan ajiya waɗanda ake jona wa kwamfuta da 'yar waya. Watau irin faifan da akawu yake ɗaukar lissafin albashi a ciki daga wannan ofis zuwa wancan, ko wanda ɗalibi ya tara aikin bincikensa na shekarar ƙarshe yake kai wa shagon buga takardu.

Galibin irin wannan cuta ba ta share dukiyar mai faifai, ɓoye ta take yi. Asarar da ake tafkawa takan zo ne daga baya, sa'ad da hankalin mutum ya tashi, ya wanke faifan gaba ɗaya, ko kuwa ya garzaya intanet ya sauko da maganin farko da ya gani, ashe shi ma wata cutar ce. Saboda haka sanin abin da za a fara da shi, da sanin wanda za a karɓi magani daga hannunsa, su ne suke raba wanda ya tsira da takardunsa da wanda ya rasa su.

TSOHUWAR HANYA CE

Yaɗuwar cuta ta kayan ajiya ta girmi intanet ɗin da jama'a suka sani. A shekarar 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta cutar da ake kira Brain, wadda ta zaga duniya cikin ƙaramin faifan nan na fulofi da aka daina yayinsa. Da fulofi ya kau, filash da faifan waje suka gaje shi, cutar ma ta bi su.

A ƙarshen shekarar 2007 kamfanin Seagate ya amsa cewa wasu daga cikin faifansa na waje ƙirar Maxtor Basics 3200 sun fito daga masana'anta da cutar satar kalmar sirri a cikinsu. Watau sabo fil a kwali, amma da ciwo. A shekarar 2008 kuma aka jona wani filash a wata kwamfutar sojan Amurka a wani sansani da ke Gabas ta Tsakiya, cutar Agent.btz ta shige har cikin hanyoyin sadarwar sirri na rundunar. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta hana amfani da filash cikin watan Nuwamba na shekarar, aka kuma share kimanin wata 14 ana aikin tsabtacewa. Mataimakin Sakataren Tsaro na lokacin, William Lynn, shi ya bayyana wa duniya labarin a 2010. A wannan shekarar ce kuma wani kamfani na ƙasar Belarus ya gano Stuxnet, cutar da ta lalata injunan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, wadda ita ma aka tsara ta ta bi filash ta shiga na'urorin da ba su da haɗi da intanet.

A wancan zamani Windows tana da wata ɗabi'a, da zarar an jona faifai sai ta karanta wani ɗan fayil mai suna autorun.inf ta aikata abin da ya umurta. Kamfanin Microsoft ya toshe wannan kafa ga filash a Windows 7 wadda ta fito a 2009, sa'an nan cikin watan Fabrairu na 2011 ya aika gyaran ga Windows XP da Vista. Da ɓarayi suka ga an rufe musu taga, sai suka koma neman mai gida ya buɗe musu ƙofa da hannunsa.

ABIN DA CUTAR TAKE YI WA FAIFAI

Faifan ajiya rumbu ne, ba shi da ikon gudanar da komai da kansa. Cutar da ke kwance a cikinsa kamar iri ce a buhu, ba ta tsiro sai kwamfuta ta tashe ta, kuma a yau kusan kullum da danna hannun mutum take tashi. Dabarar da aka fi yi ita ce ta gajeriyar hanya, wadda masu sana'ar suke kira shotkat, watau ɗan hoton nan mai ƙaramar kibiya a gindinsa wanda in an danna shi yake kai mutum ga wani fayil.

Binciken Sekoia ya nuna yadda PlugX take yi. In aka jona faifai mai lafiya a kwamfutar da ta kamu, sai cutar ta tattara duk fayilolin da ke ciki ta zuba su a wata folda wadda sunanta fili ne kawai, ba harafi ko ɗaya, ta ɓoye ta. Sa'an nan ta ajiye kayanta a wata ɓoyayyar folda mai suna RECYCLER.BIN, ta kuma kafa gajeriyar hanya guda mai ɗauke da sunan faifan. Mai faifai ya je wata kwamfutar ya buɗe, ba ya ganin komai sai wannan hoto ɗaya. Ya danna, takardunsa su bayyana kamar ba abin da ya faru, alhali a bayan fage cutar ta riga ta sauka a sabon masauki. Haka wata cutar mai suna Andromeda ta yi shekaru tana yi, har hukumomin 'yan sandan Turai da Amurka tare da Microsoft suka rushe cibiyoyinta a ƙarshen Nuwamba 2017. Haka kuma Raspberry Robin, wadda kamfanin Red Canary ya fara gani a 2021, take yi, ita kuwa takan share wa masu garkuwa da fayiloli hanya.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Foldoji sun rikiɗe sun koma hotuna masu kibiya. An buɗe faifai, an sake tarar da sunan faifan a ciki. Faifan ya nuna babu komai, amma ma'aunin cikarsa yana nuna yana maƙare. Ko kuwa an ga fayiloli waɗanda sunayensu suka ƙare da .exe ko .vbs ko .scr, alhali mai faifan bai ajiye su ba. Sai dai a yi hattara, akwai foldoji biyu ɓoyayyu waɗanda Windows da kanta take kafawa, System Volume Information da $RECYCLE.BIN, ganinsu kaɗai ba alamar ciwo ba ne.

MATAKAN DA ZA A BI

Na farko, a tsaya. Kada a danna komai cikin faifan, kada a wanke shi, kada kuma a kai shi kwamfutar maƙwabci don a gwada ko zai buɗe a can, domin da haka ne ofis guda yake kamuwa cikin yini ɗaya. A cire shi a ajiye gefe, a manna masa takarda don kada wani ya ɗauka bisa rashin sani.

Na biyu, a fara da kwamfutar kafin faifan. Nan ne mutane da yawa suke kuskure. In kwamfutar tana da cuta, ko sau goma aka tsabtace faifan, da zarar an mayar da shi za ta sake zuba masa, kamar mai ɗebo ruwa a tulun da ke yoyo. Windows 10 da 11 suna zuwa da manhajar rigakafi ta kansu, Microsoft Defender. A sabunta ta, a sa ta yi cikakken bincike. Tana kuma da wani bincike da ake kira Microsoft Defender Offline, wanda yake kashe kwamfutar ya sake tashinta ya duba ta kafin Windows ta farka, lokacin da cutar ba ta da damar ɓuya. Wannan yakan ɗauki kimanin minti 15. In ana zaton an saci kalmomin sirri, a cire kwamfutar daga intanet bayan sabuntawar, a kuma sauya kalmomin imel da na banki daga wata na'ura mai lafiya.

Na uku, a shirya wurin da za a duba faifan. A nemi kwamfutar da aka tabbatar da lafiyarta, wadda rigakafinta ke aiki kuma aka sabunta. A shiga saitinta a kashe AutoPlay, a kuma sa ta riƙa nuna cikakken sunan kowane fayil har da wutsiyarsa, domin Windows takan ɓoye wutsiyar, sai fayil mai suna Albashi.pdf.exe ya fito kamar takarda. Ita dai gajeriyar hanya ba ta nuna wutsiyarta ko an yi wannan saiti, da kibiyar ake gane ta.

Na huɗu, a jona faifan, amma kada a buɗe shi. A danna masa maɓallin dama na linzami, a zaɓi bincike da manhajar rigakafi. Kada a ɗauka binciken da aka yi wa kwamfuta ya haɗa da faifan, a zaɓe shi da sunansa. Faifai mai terabait ɗaya yana iya cin sa'o'i, saboda haka a tanadi wuta, a yi haƙuri har ya ƙare. Abin da aka kama a bari a killace shi tukuna maimakon a share nan take, domin wani lokaci manhajar takan kama fayil mai lafiya bisa kuskure, kuma abin da aka killace ana iya maido da shi. Bayan haka yana da kyau a nemi shaida ta biyu daga wata manhaja mai bincike sau ɗaya, kamar Microsoft Safety Scanner ko Malwarebytes. Ita Safety Scanner kwana 10 take yi bayan an sauke ta sai ta daina aiki, don a tilasta wa mutum ya ɗauko sabuwa.

Na biyar, a fito da takardun da aka ɓoye. Manhajar rigakafi takan kashe cutar amma ta bar fayilolin a ɓoye, sai mai su ya zaci sun tafi. A buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -s -r /s /d E:\*.* sa'an nan a danna Enter. Harafin E a nan misali ne, kowa ya sa harafin da kwamfuta ta ba faifansa, ya kuma duba sau biyu kada ya sa na faifan cikin kwamfutar. Wannan umurni ba ya kashe cuta, lulluɓin kawai yake yayewa, shi ya sa ba a yinsa sai bayan bincike. In folda marar suna ta bayyana, takardun suna cikinta. Sauran hotuna masu kibiya a share su ba tare da an buɗe ba.

Na shida, a kwashe abin da ake bukata zuwa wani wuri mai tsabta: takardu, hotuna, sauti da bidiyo. Manhajojin da aka tara cikin faifan a bar su, a sake ɗauko su daga masu su, domin akwai cututtuka irin su Sality masu shiga cikin jikin manhaja mai lafiya su zauna. Takardar Word ko Excel da ta nemi a ba ta izinin gudanar da makiro, kada a ba ta sai an san dalili. Wanda ya san hannunsa yana iya tashin kwamfuta da Linux daga filash, misali Ubuntu, ya yi kwasar a can, tun da yake manhajojin Windows ba sa tashi da kansu a cikinta, kuma ɓoyon da aka yi wa fayilolin ba ya aiki.

Na bakwai, sai yanzu ake maganar wankewa, watau fomatin. In an tabbatar kwafin ya cika kuma yana buɗewa, a wanke faifan. Wankin gaggawa yana share jerin sunayen fayiloli ne kawai, cikakken wanki kuwa tun daga Windows Vista yana bin faifan duka ya rubuta sifiri, yana kuma duba wuraren da suka lalace. Bayan nan a sake bincika kwafin, sa'an nan a mayar.

INDA WANNAN MAGANI BA YA CI

Akwai ciwo iri biyu da suke kama da wannan amma maganinsu dabam. Na ɗaya shi ne garkuwa da fayiloli, inda cutar take kulle takardu da wani mabuɗi na lissafi, ta sauya musu suna, ta bar wasiƙar neman fansa. Irin wannan tana kama duk faifan da ta tarar a jone. Kashe cutar ba ya buɗe takardun, biyan fansa kuma ba ya tabbatar da za a ba da mabuɗi. A ajiye fayilolin da aka kulle da wasiƙar, a duba shirin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da hukumar Europol tare da kamfanonin Kaspersky da McAfee suka kafa cikin watan Yuli na 2016. Yana ba da mabuɗan wasu cututtukan kyauta, ko da yake ba duka ba.

Na biyu shi ne lalacewar faifan kansa. In yana ƙas-ƙas, ko yana ɓacewa yana dawowa, ko Windows tana cewa sai an wanke shi kafin ya buɗe, to wataƙila faɗuwa ce ko tsufa ko katsewar wuta. A fara gwada wata wayar da wata kafar. In ƙarar ta ci gaba, bincike mai tsawo yana iya ƙarasa shi. A kashe, a kai wa ƙwararren mai ceto bayanai.

MASU TALLAR MAGANI A BAKIN HANYA

Wanda takardunsa suka ɓace, kuma Babban Sakatare yana jiran rahoto, ko malami ya sa ranar karɓar aiki, duk abin da aka miƙo masa da sunan magani zai karɓa. 'Yan damfara sun san haka, sun kuma mai da shi sana'a.

Cikin watan Disamba na 2008 Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka, watau FTC, ta kai ƙarar kamfanin Innovative Marketing, mai sayar da manhajoji irin su WinFixer da XP Antivirus. Tallarsu takan fito a allo kamar bincike, ta nuna cututtukan da babu su, ta nemi kuɗi. An yaudari mutane fiye da miliyan ɗaya, kuma a 2012 kotu ta yanke hukuncin biyan fiye da Dala miliyan 163 a kan ɗaya daga cikin waɗanda aka yi ƙara. A 2019 babban kantin nan na Office Depot da kamfanin Support.com suka yarda su biya Dala miliyan 35 saboda wata manhajar duba lafiyar kwamfuta da suka yi shekaru suna amfani da ita. Tambayoyi huɗu ake yi wa mai kwamfuta, in ya amsa ko ɗaya da e, sai rahoto ya fito cewa an ga alamun cuta, ko binciken bai ga komai ba. Har wa yau cikin watan Maris na 2024 kamfanonin Restoro da Reimage masu mazauni a tsibirin Saifurus suka yarda su biya Dala miliyan 26 kan tsoratar da mutane da gargaɗin ƙarya don su sayi gyaran da ba su bukata.

Neman magani ta injin bincike ma yana da nasa haɗarin. Cikin watan Disamba na 2022 hukumar FBI ta gargaɗi jama'a cewa 'yan damfara suna sayen talla a saman sakamakon bincike, su yi shigar sanannun kamfanoni, su kai mutum shafin jabu. Su kuwa manhajojin rigakafi na sata, waɗanda ake fasa kullensu a raba kyauta ko a sayar da arha a kasuwa, sai dai a ce an ba kura ajiyar nama. Manhajar rigakafi tana da iko a kan kowane lungu na kwamfuta, wanda ya fasa ta kuwa yana iya cusa abin da ya ga dama, kuma sau da yawa sharaɗin shigar da ita shi ne a fara kashe rigakafin da ke akwai.

Ko sanannen suna ma ba ya hana tsautsayi. Daga ran 15 ga Agusta zuwa ran 12 ga Satumba, 2017, manhajar share tarkace ta CCleaner da ake saukewa daga gidan kamfaninta tana ɗauke da cuta, bayan ɓarayi sun kutsa inda ake haɗa ta. Kimanin mutum miliyan 2.27 suka sauke, ga ta kuma da hatimin kamfanin na gaskiya. Darasin da ke nan shi ne kowace manhajar da aka ƙara wa kwamfuta ƙofa ce aka ƙara. Ga shi kuwa CCleaner da ire-irenta tarkace suke sharewa, ba a yi su don kashe cuta ba.

YADDA AKE GANE NA KIRKI

Abu na farko, a fara da abin da ke hannu. Rigakafin da ya zo da Windows ya wadatar ga yawancin irin wannan aiki matuƙar ana sabunta shi. In za a ƙara wani, a nemi wanda ɗakunan gwaji masu zaman kansu suka auna, kamar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. Dukansu suna buga sakamakonsu a kai a kai, kowa na iya dubawa. Manhajar da ba a taɓa jin sunanta a wajen masu gwaji ba, sai dai a bakin mai tallarta, a bar ta.

Abu na biyu, a ɗauko daga gidan mai ita. A rubuta adireshin kamfanin da hannu a duba haruffansa, kada a bi talla, ko saƙon WhatsApp, ko mahaɗin da ke ƙarƙashin bidiyo. Bayan an sauke a duba hatimin kamfanin a cikin bayanan fayil ɗin, ko da yake labarin CCleaner ya nuna hatimi shaida ɗaya ce kawai.

Abu na uku, a lura da halinta. Shafin intanet ba shi da ikon bincika faifan kowa, saboda haka duk shafin da ya ɓullo yana ihu cewa ya ga cuta, ƙarya yake yi. Manhajar kirki ba ta sa agogo tana ƙirga daƙiƙu, ba ta ba da lambar waya a kira, ba ta cewa a kashe rigakafi, ba ta kuma neman a bar baƙo ya shiga kwamfuta daga nesa. Tana faɗin sunan abin da ta kama da inda yake, ta ba da zaɓin killacewa.

Abu na huɗu, mai gadi ɗaya ya isa. Manhajojin rigakafi biyu masu tsaro dare da rana sukan yi karo da juna su nauyaya kwamfuta. Ɗaya ta tsaya gadi, ta biyu a kira ta in bukata ta taso.

TAKARDUN GWAMNATI AMANA NE

Akwai shafin VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012, inda ake aika fayil a gwada shi da manhajojin rigakafi kusan 70 lokaci guda. Yana da amfani ƙwarai wajen tantance manhajar da aka sauke. To, amma fa duk abin da aka aika can ana raba shi ga kamfanonin tsaro, masu biyan kuɗi kuma suna iya ɗauka. Ma'aikacin da ya aika jerin albashi, ko takardar majalisar zartarwa, ko bayanan marasa lafiya, ya fitar da sirrin ofis da hannunsa. Haka nan wanda ya bar faifan ofis ya kwana a shagon mai gyara.

Faifan gwamnati in ya kamu, sashen kula da kwamfutoci na ma'aikatar ya kamata a fara sanarwa, domin lalle akwai wasu na'urorin da ya bi ta kansu. Ɓoye maganar don tsoron takardar tuhuma yana ba cutar lokaci ne kawai. Cututtuka irin PlugX leƙen asiri suke yi, suna iya kwashe takardu su aika waje. Hukumomin Amurka sun ɗora alhakinta a kan wata ƙungiya mai suna Mustang Panda, wadda suka ce gwamnatin Sin ce take ɗaukar nauyinta. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin awa 72 in ya gano an keta su ta yadda masu su za su iya cutuwa. Akwai kuma cibiyar ngCERT, a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, wadda take karɓar rahoton irin waɗannan hare-hare.

FAIFAN DA KE CIKIN DUROWA

Cikin watan Yuli na 2024 hukumomin shari'a na Faransa suka fara aikin aika wa PlugX umurnin ta share kanta daga kwamfutocin da ta kama. Cikin watan Janairu na 2025 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta ba da sanarwar an cire ta daga kwamfutoci kimanin 4,258 a ƙasar. Amma umurnin da aka aika ta intanet ba ya isa ga faifan da ke kwance a durowar akawu ko jakar ɗalibi. Ran da aka fito da shi aka danna, cutar za ta farka. Shi ya sa duk ofishin da ya kamu sai an tattaro filash da faifan kowa an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sauran kuwa ɗabi'a ce. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2016, masu bincike sun zubar da filash 297 a harabar Jami'ar Illinois ta Amurka, kusan rabinsu kuwa an tsince su an jona an buɗe abin da ke ciki. Abin tsintuwa ba a jona shi. Mai zuwa shagon buga takardu ya ware ƙaramin filash don wannan aiki kaɗai, ko ya aika takardar ta imel, ya bar babban faifansa a gida. Kwamfutocin da har yanzu suke kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina yi wa gyara ran 14 ga Janairu, 2020, ko Windows 10, wadda wa'adin tallafinta na kowa da kowa ya ƙare ran 14 ga Oktoba, 2025, suna bukatar shugabannin ma'aikatu su sa su cikin kasafin sauyi.

Daɗin daɗawa, takardar da take wuri ɗaya tak tana bakin rami, ko da cuta ko babu. Masana suna ba da shawarar kwafi uku, a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam, kuma faifan kwafin a cire shi da zarar an gama. Wanda ya yi haka, ran da faifansa ya kamu zai bi matakan nan a tsanake, mai tallar maganin ƙarya kuwa ba zai same shi cikin ruɗu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.